Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Unguwanni Da Masu Hali Na Gaɓar Kogin Dilimi

Ranku ya daɗe iyayenmu masu unguwanni, tun daga Lamingo har Farin Gada. Gaisuwa gare ku Alhazai da Hajiyoyi da Allah ya buɗa wa, da ku maƙwabtanmu na ƙetaren rafi da muke gaisawa a Taminus amma muka daina shiga gidajen juna.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ni tsohon malamin firamare ne mazaunin Rikkos, kuma shekara tara ke nan littafin karo-karon layinmu yana hannuna. An liƙa mini shi ne don an ce rubutuna yana karantuwa. Littafin nan ne ya sa na ɗauki biro yau.

Makonni uku da suka wuce muka kira gayyar yashe kwata kafin ruwa ya sauka. Liman ya yi sanarwa bayan Asuba kwana biyu a jere, yaron mai unguwa ya bi gida-gida. Gida 63 ne a littafina. Da gari ya waye ranar Asabar, mutum 11 na ƙirga a bakin kwalbati. Biyar daga ciki almajirai ne da malaminsu ya turo. Wata baiwar Allah mai suyar awara, wadda mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu, ta kawo mana ruwan sha a bokiti. Muka shiga. Wanda bai taɓa sa hannu a kwatar Jos ba bai san abin da garin nan yake ci ba: ledar fiya wata kamar shuka ta aka yi, robar lemo, famfas ɗin jarirai, mushen kaza, tsohuwar katifa da ta sha ruwa har sai da mutum huɗu suka kama ta, da wani baƙin taɓo mai warin da ke bin mutum har kan gado.

Wajen ƙarfe goma aka buɗe get ɗin gidan da ya fi kowanne tsawo a layin. Direba ya danna hon mu janye baro, muka janye. Gilas ya sauka, mai gidan ya ce sannunmu da aiki, Allah ya ba da lada, ya miƙo naira dubu biyu a saya wa yara ruwa. Mota ta wuce. Akwai wani matashi mai gyaran babur da shekara huɗu bai taɓa fashin gayya ba. Ya bi motar da kallo, ya jingine shebur a jikin bango, ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, daga yau na daina. Mu ne bayin layin?" Ya wanke ƙafarsa da ragowar ruwan bokitin ya tafi. Na tsaya da manjagara a hannu, na rasa abin ce masa.

Kada Alhajin ya karanta ya ce cin fuska nake yi. Mutumin kirki ne. Da azumi tukunyarsa ba ta sauka, kuma na san marayun da yake biya wa kuɗin makaranta. Wannan ma shi ne abin da ya hana ni barci. Layi cike da mutanen kirki, sama da ƙasa, me ya sa kwata guda ta gagare shi?

Amsar da nake ji a majalisa ita ce talaka ƙazami ne, yaran yanzu kuma malalata. Ban yarda ba, domin na ga yaran nan a daren Lahadi, 22 ga Yuli, 2012. Farkon azumi ne. An idar da asham ana ruwa, muka shige gida muna cewa albarka ce. Can sai muka ji ƙugi daga wajen Lamingo kamar tireloli sun jero. Kafin in lalubo tocila ruwa ya kawo mini ƙugu a tsakar gida, kafin in kai zaure ya kawo ƙirji. A wuya na ɗauko ƙaramar 'yata. Waɗannan da ake kira zauna-gari-banza, su suka ɗaura igiya a jikin falwaya suna miƙo mata da tsofaffi hannu-hannu, su ne kuma suka yi kwanaki suna bin gaɓar rafi suna tono gawa daga cikin yashi. Aƙalla mutum 35 aka tabbatar sun rasu, gidaje wajen 200 suka rushe ko suka nutse, a Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo. Allah ya jiƙansu da rahama.

Wanda ya riƙe littafin kafin ni ya rubuta mutum 94 a gayyar farko bayan ambaliyar. Har masu rawani sun naɗe wando. Kwata ta yi fes, damina biyu ruwa ya wuce lafiya, sai kowa ya ga ashe ko bai fito ba gidansa na nan. Wanda ya yi kwanciyarsa ranar gayya bai rasa komai ba, maƙwabcinsa da ya dawo da ciwon baya ya lura, baɗi shi ma ya ja bargo. Hali ma iri ne. Wanda ya fi yin kyau a gonar wani bana, shi ake roƙa a shuka baɗi. In muhalli ya gyaru ƙin fitowa ya yaɗu, in ya yaɗu muhalli ya lalace, sai ya ci rai sannan mu dawo da kuka da shebur. Shafukan littafina a haka suke hawa da sauka, amma kowace hawa ba ta kai ta bayanta ba. Dalilin wannan nake so mu tsaya a kai.

Ɗana da ya karanta tattalin arziki a Jami'ar Jos ne ya nuna mini cewa masana sun mai da irin matsalarmu wasan gwaji. A 2008, a Jamus, Manfred Milinski da abokan aikinsa suka riƙa zaunar da ɗalibai shida-shida, a ba kowa yuro 40. Za a yi zagaye goma, a kowane zagaye mutum ya jefa yuro 4 ko 2 a asusun tarayya, ko ya ƙi jefa komai, ba wanda ya san wane ne wane. In asusu ya kai yuro 120, kowa ya tafi gida da abin da ya rage masa. In bai kai ba, sai a yi ƙuri'a, mai yiwuwa kowa ya rasa komai, kamar dai ambaliya. Da aka ce musu haɗarin asara kashi 90 ne cikin 100, rukuni biyar cikin goma suka cika kuɗin. Da aka ce kashi 50, rukuni ɗaya tak. Da aka ce kashi 10, babu ko ɗaya.

Da ya gama karanta mini na ce, ai su da sauƙi, haɗarinsu ɗaya ne su shida. A layinmu kuwa, mai awara da ɗakinta ke kwari a bakin rafi tana wasan kashi 90, gidan da ke kan tudu da ginshiƙin kankare yana wasan kashi 10, kuma asusu ɗaya ake so su cika. Ita ba ta da abin jefawa. Shi ba abin da ke tsorata shi ya jefa. Ba sai ɗayansu ya zama mugu ba kafin asusun ya kasa cika.

Garin nan kansa a kan irin wannan rabo aka kafa shi. Tun farkon ƙarni na 20 da Turawan Ingila suka iso Naraguta neman kuza, har jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, mai kwasar amfanin tudun nan daban, mai zama da ramin daban. Kakana da diban gwamna aka kawo shi a lokacin yaƙin Hitila, tsakanin 1942 da 1944, da Japan ta ƙwace Malaya, ƙasar da Ingila ke samun kuza, Ingila ta matsu da kuza ta sa aka riƙa ɗebo mutane daga lardunan Arewa ƙarfi da yaji. Yakan ce sanyi ya fi diga kisa. Birom suka rasa gonakinsu, leburori suka bar lafiyarsu a rami, da kasuwar kuza ta duniya ta karye a 1985 masu ita sun riga sun kama gabansu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Suka bar mana ɗaruruwan kududdufai daga Rayfield zuwa Bukur zuwa Barikin Ladi, wasu muna ban ruwa da su, wasu suna cin yaranmu. Ban ga laifin lissafinsu ba ta fuskar ɗan kasuwa. Mai tikitin jirgi a aljihu ba ya cike rami. Abin da ya dame ni shi ne yau tikitin jirgin ya shigo cikin layinmu, sunansa kawai ya sauya.

Ina yaro, famfo ɗaya muke sha da gidan mahaifin Alhajin nan. In bututu ya fashe, tsohon ne kan fara ciro kuɗi tun kafin a tambaye shi, don gidansa mai mutum talatin shi zai fi kowa jin ƙishi. In taransifoma ta ƙone, injin niƙansa ne zai tsaya, don haka rabin kuɗin gyara daga aljihunsa yake fitowa, mu ƙananan mu sha wuta a inuwarsa. Wani masani Ba'amurke, Mancur Olson, ya rubuta tun 1965 cewa haka abin yake: in babba yana da kaso mai tsoka a abin tarayya, yakan ɗauki nauyinsa ko da ƙananan sun noƙe. Ke nan bambancin arziki shi kaɗai ba ya kashe gayya. Mun rayu da attajirai shekara da shekaru, gayya na raye.

Sai aka haƙa bohal a cikin gida. Aka kafa sola a kan rufi. Aka ɗaga katanga, aka zuba kankare a tsakar gida aka fitar da bututun ruwan sama waje, ya kwararo wa na ƙasa. Yara suka koma makarantar kuɗi, rashin lafiya asibitin kuɗi. Kowane ɗaya halal ne, da ina da hali ni ma da na yi. Amma kowane ɗaya igiya ce aka tsinke tsakanin gidan da layin. Ranar da famfon gwamnati ya ƙafe, ba wanda ke da murya a layinmu da ya ji ƙishi, don haka ba wanda ya je ya buga tebur.

Wata mata, Elinor Ostrom, wadda a 2009 ta zama mace ta farko da ta samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki, ta ga irin wannan a ƙasar Nefal. Kafin ita, ra'ayin wani masani, Garrett Hardin, na 1968 ne ke tashe, wai duk abin da jama'a suka yi tarayya a kansa ƙarshensa lalacewa, sai dai gwamnati ta ƙwace ko a yanka wa kowa nasa. Ita kuwa ta bi ƙauyuka tana duba inda mutane suka riƙe abinsu da kansu. A Nefal, manoman ban ruwa sukan tare rafi da duwatsu da itace da laka, duk shekara ruwa ya share madatsar, duk shekara a sake gayya. Na bakin madatsa ba za su iya aikin su kaɗai ba, dole sai da hannun na can ƙarshen magudana. To in kana buƙatar hannun mutum, ba ka hana shi ruwa. Sai masu taimako suka zo da kuɗi suka gina madatsun kankare da ba sa buƙatar gyaran shekara-shekara. A wurare da dama na sama suka daina buƙatar na ƙasa, suka sha ruwa suka ƙoshi, na ƙarshen magudana suka koma kallon busasshiyar ƙasa. Binciken ya nuna tsarin da manoma ke riƙe da kansu, duk da laka da itacensa, ya fi kai ruwa ƙarshen magudana a kan wanda hukuma ke gudanarwa da kankarensa.

Da na ji labarin nan sai na ga bohal ɗin layinmu tsaye a gabana.

Kuma fa bohal ba daga sama yake jawo ruwa ba. Ƙasar Jos dutse ce, ruwan ƙarƙashinta a tsagogin dutse da ruɓaɓɓen saman dutse yake maƙale. Rijiyar gidana da ba ta ƙafewa sai ƙarshen rani, yanzu tun watan Fabrairu guga ke dawowa da laka. Mai awara kuwa a wurin 'yan garuwa take saye, jarka-jarka. Ku yi lissafi da kanku, wa ya fi biyan lita da tsada, ita ko mai tanki biyu a sama?

Ga kuma wautar da mu 'yan kwamiti muka yi da hannunmu, ba zan ɓoye ba. Mun yanka naira 500 a kan kowane gida duk wata, muka kira shi adalci. Mai ɗaki ɗaya 500, mai bene da motoci huɗu da shagunan haya shida a jikin katanga 500. Kuma in yaro ya je karɓa, a gidan mai awara ake samu, a babban gida maigadi ya ce Alhaji ba ya nan. Ba hana wa yake yi ba, kuɗin ne bai kai a tashe shi a kansa ba. Ko zakka ba a yanka ta da kan gida. A wani ƙauyen tsaunukan Suwizalan mai suna Törbel, tun 1517 suka rubuta doka cewa kada wanda ya kai shanu makiyayar gari fiye da waɗanda zai iya ciyarwa a gidansa da hunturu, kuma aikin gyaran makiyaya gwargwadon shanun mutum ake raba shi. Makiyayar tana nan har yau. Mu da muke da hukuncin Manzon Allah (SAW) a kan rafin Mahzur na Madina, cewa na sama ya tare ruwa iyakar idon sawu sannan ya sakar wa na ƙasa, bai kamata a ce sai mun je tsaunin Turawa koyon rabo ba.

Yanzu ku bari in juyo kanmu, mu na kwari, don kada a ce na ɗora wa masu hali komai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da hadari ya haɗu aka fara yayyafi, wa ke fitowa da kwandon shara ya juye a kwata ya ce ruwa zai tafi da ita? Mu ne. A gidana an yi, na gani na kau da kai. Wa ya sayi fili a kan hanyar ruwa don ya fi araha, ya ture rafi da buhunan yashi zuwa bangon maƙwabci? Mu ne. Kuma mu da muke kukan na samanmu, na sama ne mu ma ga wani. Dilimi in ya bar Jos ba ya mutuwa. Yana gangarawa ƙasar Bauchi ya shiga kogin Jama'are, ya haɗu da na Haɗeja, ya zama Komadugu Yobe, ya nufi tafkin Chadi. Ledar da aka jefa a Gangare akwai mai kamun kifin da zai cire ta daga komarsa.

Amma ba sai an je Yobe ba. Ranar wata Talata da rani na bi wani tsohon ɗalibina lambunsa, ƙasa da gadar Farin Gada. Ya tayar da injin ban ruwa, tiyo ya yi tari sau biyu ya fara aman ruwa launin toka mai kumfa. Kowane ɗan lokaci sai ya kashe inji ya je ya zare leda daga bakin tiyo. Ruwan ya bi kunya-kunya ya shiga ƙarƙashin latas da kabeji da karas, kore shar, gwanin sha'awa. Takinsa tokar bola ce da ake kawo musu daga cikin gari, yana tsince gilas da batir da hannu. Na ce, "Kai kana cin latas ɗin nan?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, mu da miyar kuka muka saba. Wannan na manya ne. Gobe da asuba yana kasuwar Farin Gada, jibi yana Abuja." Na dawo gida ina tunanin farantin salak a teburin gidan mai dogon get. Abin da ya fita ta bututun bayan katanga ya zagaya ya shigo ta ƙofar kicin. Sauron da ya ƙyanƙyashe a kwatarmu ba ya neman izinin maigadi. In amai da gudawa ya ɓarke, mai aikin gidan da direban da mai wankin duk daga kwari suke hawowa kowace safiya. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, sai dai ya yi jinkiri a hanya, kuma jinkirin nan ne yake ruɗar mai katanga.

Malamanmu suna yawan kawo hadisin jirgin ruwa da Bukhari ya ruwaito daga Nu'umanu ɗan Bashir: mutane suka yi ƙuri'a, wasu suka samu saman jirgi, wasu ƙasa. Na ƙasa in suna son ruwa sai sun hau sun ratsa na sama. Sai suka ce, bari mu huda rabonmu mu ɗebi ruwa, mu daina damun na samanmu. In an bar su, kowa ya nutse, in an riƙe hannunsu, kowa ya tsira. Sau da yawa ana karanta shi kamar laifin duk na masu huda ne. Ni dai abin da nake gani, ƙishi ne ya kai su, kuma kunyar ratsa na sama ce ta sa suka ɗauko gatari. Waɗanda aka ɗora wa nauyin tashi tsaye su ne na saman bene.

Akwai wani tsagin da ba ma son taɓawa. Tun rikicin Satumba 2001, da na Nuwamba 2008, da na Janairu 2010, garin nan ya rabu, kowa ya tattara ya koma cikin nasa. Rafin bai rabu ba. Yana ratsa unguwar masu zuwa masallaci ya shiga ta masu zuwa coci ya sake fitowa. Ina da aboki Kirista da muka koyar tare shekara goma sha huɗu, yanzu sai a waya. Duk daren da ruwa ya shigo mini, in na kira shi sai in tarar yana kwalfar nasa. A unguwarsu ana cewa sharar Hausawa ce ta toshe rafi, a tamu ana cewa daga wajensu take gangarowa. Kowane kwamiti da 'yan'uwansa kawai yake shawara, kowa na kwaikwayon wanda ya yi kama da shi. Ɗana ya ce har wannan masu lissafi sun gwada a kwamfuta a 2014, suka ga in mai arziki mai arziki kawai yake kallo, talaka kuma talaka, haɗin kan rushewa yake yi, ko da a ce da suna cuɗanya zai tsaya. Mu namu rabuwar biyu ce, ta aljihu da ta addini, a kan rafi ɗaya.

Abin da ya ba ni ƙwarin gwiwar rubuto muku shi ne ci gaban wasan kuɗin nan. A 2011 Alessandro Tavoni da abokansa suka sake shi, amma suka shirya yadda uku za su fara da kuɗi fiye da sauran ukun. Rukuni biyu kacal cikin goma suka cika asusu. Sai aka ba wasu rukunan damar kowa ya faɗi abin da ya yi niyyar bayarwa, alkawarin baki kawai, ba mai kama shi in ya saɓa. Suka koma shida cikin goma. Kuma rukunan da suka tsira su ne waɗanda masu kuɗin cikinsu suka nuna tun da wuri cewa za su ɗauki kaso mafi nauyi, suka kuma fara zubawa. Talakan wasan ba rowa yake yi ba, jira yake ya gani. Mai gyaran babur ɗin layinmu shekara huɗu ya yi yana jira.

Don haka, iyayenmu masu unguwanni, roƙona gare ku ku soke kuɗin bai-ɗaya. A kasa gidaje gwargwadon hali da gwargwadon abin da gida ke fitarwa, ku kun san kowa, ba sai an kawo fom ba. A riƙa karanta littafi a bainar jama'a duk wata, abin da ya shigo da inda ya tafi, har da nawa, a fara tuhumata. Tarar zuba shara a kwata ta fara da jan kunne, ta biyu kuɗi kaɗan, ta uku mai zafi, kuma ranar da ta faɗa kan babban gida a karɓa kowa na gani, in ba haka ba kada ma a soma. Mafi wuya a cikin roƙona shi ne ku zauna tare, ku duka na gaɓar rafin, da na wannan ƙetare da na wancan, sau biyu a shekara, kafin damina da farkon noman rani. Ku ba 'yan lambu kujera, da 'yan garuwa, da 'yan bola jari, da mata, don shara ta hannunsu take fita. A birnin Balansiya na ƙasar Sifen, manoma suna da kotun ruwa da ke zama duk Alhamis da tsakar rana a ƙofar babban cocin garin, alƙalanta manoma ne da 'yan'uwansu suka zaɓa, hukunci da baki, a take, kuma ɗaruruwan shekaru ke nan ana yi. Ku kuna da abin da ya fi ƙofar coci ko ta masallaci dacewa da halin da muke ciki: kuna da gada.

Ku kuma 'yan'uwa masu hali, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ba na neman ku rushe katanga. Ku fito da kan famfo ɗaya ta jikinta, ko awa biyu ne da safe, wasunku suna yi, Allah ya saka musu. Ku riga kowa faɗin abin da za ku bayar, a gaban mutane. Na san za ku ce sadakar ɓoye ta fi lada, to wannan ba sadaka ba ce, kuɗin ruwan da ke fita daga tsakar gidanku ne. Akwai masu tifa uku a layinmu kaɗai, ga tulin taɓon da muka kwashe makonni uku yana nan a bakin titi ya bushe, ruwan farko zai mai da shi inda muka ciro shi. Sawu biyu ya ishe shi. Kuma in kuna da wanda ke ɗaga muku waya a sakatariya, ku kira shi a kan motar kwasar shara da kwalbatin da ya yi wa ruwan yanzu kaɗan, don muryarku tana isa inda takardunmu suke kwana a kan tebur.

Ranar gayya kuma kada ku turo direba da kuɗin ruwa. Ku turo ɗanku na cikinku. Ko rabin awa ya yi, ko baro ɗaya ya tura.

Mun sake sa rana, Asabar ta ƙarshe a watan Afrilu, ƙarfe bakwai na safe, a bakin kwalbati. Jiya na bi ta rumfar mai gyaran babur, na same shi a tsugune yana wanke kafireto da fetur. Na ce zai zo? Bai ɗago ba. Ya ce in ya hango ɗan Alhaji da shebur, shi zai riƙe masa baro. Na ce masa zan rubuta. Na kuma kira abokina na ƙetare, ya ce zai gaya wa fastonsu ranar Lahadi, amma kada in sa rai da yawa. Shebur ɗina dai na kai an sa masa sabuwar ƙota a Katako.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mu da sharrin ruwa.

Naku,
Mai riƙe da littafin karo-karo,
Rikkos, Jos.